Yashin da Nake Zuba wa Oddvar

Ranar da Oddvar Brekke ya ƙwanƙwasa ƙofata da furanni a hannu na san akwai abin da yake so, don mun fi shekara talatin muna maƙwabtaka ban taɓa ganin ya sayi abin da ba a ci ba. Ta tagar kicin na hango shi yana gyara kwalar riga, yana ta goge takalmi a bakin ƙofa kamar mai shirin shiga coci. Watan Agusta ne, dankalina ya yi ganye shar a lambu.

"Gunvor," ya ce, "wucewa nake yi, na ce bari in duba ki."

"Wucewa zuwa ina, Oddvar? Gidana ne na ƙarshe. Bayana sai dutse da garejinka."

Ya yi 'yar dariyar nan tasa da ba ta kai ido. Na ce ya shigo, na ɗora ruwan kofi. Rabon ƙafarsa da gidan nan tun ranar da muka binne mijina.

Mijina Torleif direban tasi ne. A shekarun da gwamnati ta fara lallashin mutane su bar motocin mai su koma masu lantarki, an cire wa masu lantarkin haraji, an rage musu kuɗin gada da na jirgin fito. Torleif ba mai son sabon abu ba ne, wayarsa ma sai da ta rabe biyu ya canza ta. Amma wanda ke yini yana tsallaka gada ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ya sayar da tsohuwar ya sayi farar motar lantarki. Ranar da ya kawo ta ya ɗauke ni muka zagaya bakin teku, yana ta cewa, "Ji, Gunvor, ji." Na ce me zan ji? Ya ce, "Ba komai. Ai shi ne daɗin."

Abin da ya rage shi ne wurin caji. Garejojinmu a jere suke a saman layi, na ƙungiyar gidajenmu ne, ko ƙusa ba ka bugawa sai taro ya yarda. Ƙaramar hukuma ta ce za ta biya kaso mai tsoka na kuɗin jan waya da na na'urar caji, amincewar taro kawai ake jira. Sau biyu muke taro a shekara, na bazara da na kaka, kuma Oddvar ne shugaba tun kafin 'yata Turid ta shiga makaranta. Torleif ya kai maganar. Oddvar ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Magana ce mai muhimmanci," in ji shi. "Bai kamata a yi gaggawa ba. Mu bari sai taron bazara."

A taron bazara ya ce ya ji labarin motocin nan suna kamawa da wuta, a bari sai taron kaka. A na kaka ya ce ba adalci ba ne a taɓa bangon kowa don mutum ɗaya. Ni na san abin da ke cinsa. Ya biya haraji cif a kan ƙatuwar motarsa mai shan dizal, ga direban tasi ya sami sabuwa fil ba haraji, kuma yana wuce shi a gada a kan rabin kuɗi. Shi ke nan laifin Torleif.

Da Torleif ya gaji, sai ya ja doguwar waya daga tagar kicin ta tsallake hanyar ƙafa zuwa inda yake tsayar da motar. Oddvar ya ɗauki hoto, ya haska shi a bango a taro, ƙato, har ana ganin labulena. Aka kafa doka a ranar: ba wanda zai sake jan waya ta sama ko a kan ƙasa a filin ƙungiya. Kowa ya ɗaga hannu, har waɗanda Torleif ya sha kai su asibiti bai kunna mitar kuɗin tasi ba.

Daga nan sai ya koma barin motar a gindin tudu, a wurin cajin da ke gaban kanti, ta kwana a can. Shi kuma ya hau gangaren nan da ƙafa da yamma, ya sauka da safe. Gangaren gajere ne amma a tsaye yake, kuma in hunturu ya yi ruwa ke bin sa ya daskare. Ƙungiya ta ce zuba masa yashi aikin ƙaramar hukuma ne, ƙaramar hukuma ta ce na ƙungiya ne. Wata safiya a watan Janairu santsi ya kwashe Torleif, ƙashin ƙugunsa ya karye. A asibiti ciwon huhu ya same shi a kwance. Bai ga bazara ba.

A wurin makoki Oddvar ya ci yanka biyu na kek, ya riƙe hannuna ya ce, "Ƙanƙara ce, Gunvor. Ba wanda ya so haka." Mu nan ba ma ɗaga murya, kuma na tsani hakan a ranar kamar yadda na tsani mutumin.

Bayan haka gwamnati ta canza doka, ƙungiya ba ta da ikon hana kowa caji. Maƙwabta suka yi ta sayen motocin da suka yi wa dariya, aka ja waya zuwa garejojin sama, kowa ya karɓi tallafinsa ya maƙala na'urarsa a bango. Oddvar kaɗai ya tsaya a kan dizal, yana cewa shi ba ya hawa injin wanki. To, sai aka ƙara sabuwar ƙofar karɓar kuɗi a hanyar gari, dizal ya yi tsada, ƙaramar hukuma kuma ta sanar cewa tallafin na'urar caji na bana ne na ƙarshe, wanda bai gama aikinsa ba kafin shekara ta fita ya yi asara. Ka ce wa Oddvar ana rabon abu kyauta kuma za a rufe, ka ga gudu.

Sai da ya sha rabin kofin sannan ya fito da ita. Ya yi odar motar lantarki, babba, za ta iso a watan Oktoba. Matsalar garejinsa ce. Tun da daɗewa, da ƙarfin kujerarsa, ya keɓe wa kansa wuri mai kallon teku a kan dutsen bayan gidana, ya gina gareji mai cin mota biyu, nesa da na kowa. Ko ƙwan fitila bai sa ba don kada ya biya kuɗin jan wuta, da tocila yake shiga. Yanzu mai aikin lantarki ya ce hanya biyu ce kawai. Ko a fasa dutse a bi ta bayan garejojin sama, aiki mai tsada wanda sai an nemi izini da tallafinsa tun yanzu. Ko a haƙa ɗan siririn rami a bi ta lambuna, inda ƙasa take da laushi, aikin yini guda.

"Ba zai fi faɗin shebur ba," in ji shi. "Za mu mayar miki da ƙasar kamar ba a taɓa ba. Sa hannunki kawai ake bukata."

Na dube shi. "A'a" tana kan harshena, mai zafi, na daɗe ina tanadinta. Amma sai na yi lissafi. In na faɗe ta yau, gobe zai nemi izinin fasa dutse, hukuma ta biya masa rabi, ko ya soke odar motar ya ci gaba da dizal ɗinsa. Ya yi fushi na mako guda ya manta. Wannan bai ishe ni ba ko kusa.

Sai na tashi na buɗe firji na fito da kek ɗin kirim da na yi don zuwan Turid, na yanka masa babban yanki, na ƙara masa kofi. Duk wanda ya tashi a nan ya san ma'anar wannan. Kofi ɗaya ladabi ne, ko mai karɓar haraji ana ba shi. Amma in mace ta fito maka da kek ɗin kirim a ranar da ba biki ba, ta cika maka kofi na biyu ba ka roƙa ba, to an yafe, magana ta wuce, ba sai an furta ba. Haka iyayenmu suke sulhu, don sun fi son mutuwa da su ce "yi haƙuri". Na ga kafaɗunsa sun sauka.

"Magana ce mai muhimmanci," na ce. "Ka bari in cire dankalina tukuna."

"Ai dole! Dankali ai dole," ya ce, bakinsa cike da kirim. Ko a jikinsa, bai gane kalmomin ba.

Daga ranar na zama maƙwabciyar kirki. In na hango shi sai in ɗaga hannu. Na aika wa matarsa Reidun kwalbar jam na shafa wa burodi. Wata Asabar ya zo da kansa ya gyara mini magudanar rufin da ta shekara tana zuba, na tsaya a ƙasa ina riƙe masa tsani ina kallon tafin takalminsa, ina tunanin abubuwan da ba zan rubuta ba. Da ya sauko na ba shi waina mai zafi da cukwi mai ruwan ƙasa.

Mai aikin lantarkin, Jarek, mutumin Poland ne, shi bai san yaren kek ba. Ya zo awo ya same mu a bakin shinge.

"Ta sa hannu?" ya tambayi Oddvar a gabana.

"Kai, Jarek, ba haka muke yi a nan ba," in ji Oddvar. "Ni da Gunvor mun fahimci juna."

"Ni dai ƙasa na sani," in ji Jarek. "Ka ji ni. In sanyi ya kama ta, ko katafila ka kawo sai bazara. Ka nemi izinin dutsen ma ka ajiye, ko da wani abu."

"In biya kuɗin neman izinin da ba zan yi amfani da shi ba? Ka ji ɗan kwangila!" Ya juyo gare ni yana dariya. "Ko ba haka ba, Gunvor?"

"Ka fi ni sanin kan kuɗi, Shugaba," na ce.

Lokacin neman izinin dutse ya wuce a ƙarshen Satumba. A makon ne ya sayar da motarsa ta dizal, wani saurayi daga tsibiri ya zo ya tafi da ita. Na tsaya a taga har hayaƙinta ya ɓace a kwana, sannan na fita na fara cire dankalin, a hankali, kunya ɗaya yau, ɗaya jibi. Gwiwoyina sun tsufa, kowa ya sani.

Da dankali ya ƙare na ce masa sai na yi shawara da Turid, tunda ita za ta gaji gidan. Ya ce wannan gaskiya ne. Turid kuwa da na kira ta a waya na faɗa mata, sai ta tare ni da tambaya.

"Mama, me kike yi?"

"Shawara nake yi da ke."

"Ba shawara kike yi ba, na san muryar nan. Ki ce masa a'a kawai ki huta. Baba ba zai so wannan ba."

"Babanki ya hau gangaren nan hunturu uku yana cewa a bar shi, ba komai. Na san abin da zai so. Shi ya sa ba shi nake tambaya ba."

"To ni me zan ce in mutumin ya kira ni?"

"Ki ce kina tunani."

Ta ja tsaki irin na ubanta ta kashe wayar. Amma da ya kira ta, abin da ta ce masa ke nan.

Motar ta iso a tsakiyar Oktoba, baƙa, doguwa, tana sheƙi. Oddvar ya tsayar da ita a bakin layi ya buɗe duk ƙofofin don mutane su leƙa. Mutumin da ya ce injin wanki ne, ga shi yana bayanin batir kamar shi ya ƙera. Na je ni ma na shafa kujerar na ce ta yi kyau. Ya ce in shiga ya zagaya da ni bakin teku in ji yadda ba ta ƙara. Nan kam sai da na riƙe murfin ƙofar da ƙarfi. Na ce wani lokaci, na bar tukunya a wuta.

Sanyin safiya ya fara sa ciyawa fari. Oddvar ya fara leƙen hasashen yanayi a waya kamar mai jirgin kamun kifi. Sai ya yi dabara, ya kira aikin gayya ranar Asabar, a share ganye a gyara shinge, "sannan a taimaka wa Gunvor da ɗan ramin nan". Ya san ba mai ƙin fitowa gayya, kuma ya san da wuya mace ta kori maƙwabta goma da shebur a hannu. Suka zo kuwa, har Jarek da naɗin waya a bayan mota. Na fito da tire cike da waina da butar kofi, na bi kowa na ba shi. Sai da bakuna suka cika na yi magana.

"Oddvar, wani abu ya hana ni barci. Wayar nan, kafin ta shiga lambuna, ai sai ta ratsa hanyar ƙafa, ko?"

"Taku biyu ne kawai."

"Filin ƙungiya ne dai. Kai ka koya mana ko ƙusa ba a bugawa sai taro ya yarda. Ba na so a ce don kai ne shugaba aka tsallake doka. Mutuncinka nake ji."

Wasu suka sunkuyar da kai cikin kofunansu. Wuyan Oddvar ya yi ja har kunne, amma me zai ce? Duk rayuwarsa a kan wannan maganar ya gina ta.

"Taron kaka saura mako uku," ya ce a hankali.

"Ka ga ai ba nisa. Ƙara waina."

Jarek ya mayar da wayarsa mota, ya dube ni, ya dubi sama, ya ce wani abu da yarensu. Aka share ganye aka watse.

Allah ya sani na yi addu'ar sanyi a makonnin nan fiye da yadda na yi wa kaina addu'ar lafiya. Kwana biyu aka yi ruwa mai ɗumi, hankalina ya tashi. Sai iska ta juya daga arewa, sama ta washe, taurari suka fito tun da yamma. Kullum da safe nakan fita da cokali mai yatsu na lambu in soka a inda dankali yake. Ranar farko ya shiga. Bayan kwanaki ya shiga rabi. Ranar taro ya yi ƙara kamar na buga shi a kan siminti, har kafaɗata ta amsa.

A ɗakin taro na ƙarƙashin makaranta muka haɗu, kujerun yara, kofi a kofin takarda. Oddvar ya yi sauri ya wuce maganar shara da ta fenti, ya zo kan tasa. Ya ce Jarek ya samo injin da ke narkar da ƙasa, in aka fara gobe ana iya gamawa kafin shekara ta fita, da ƙyar dai, da ƙarin kuɗi. Aka kaɗa ƙuri'a a kan hanyar ƙafa, kowa ya ɗaga hannu, waɗannan mutanen ba abin da ba za su ɗaga wa hannu ba. Sai ya turo mini takarda da biro a kan tebur, yana murmushi.

"Saura ke, Gunvor."

Na ciro tabarauna daga jaka. Na goge su da gefen riga, na daɗe ina gogewa, na sa. Wata tsohuwa a bayana ta ja numfashi, ita ta riga kowa ganewa.

"Magana ce mai muhimmanci," na ce. "Bai kamata a yi gaggawa ba. Mu bari sai taron bazara."

Murmushin ya tsaya a fuskarsa ya rasa inda zai tafi.

"Gunvor, tallafin zai rufe."

"Na ji an ce motocin nan suna kamawa da wuta."

"Wannan ai tsohuwar magana ce, an riga an..."

"Kuma ba adalci ba ne a tona lambun mutum don mutum ɗaya."

Ya miƙe tsaye, kujerar yaran ta faɗi a bayansa. "Kin ba ni kek!" ya ce, da ƙarfi, a gaban kowa. Dattijo mai furfura, shugaban ƙungiya, abin da ya samu ya faɗa ke nan. "Kin zaunar da ni kin ba ni kek!"

"Ka ci yanka biyu a makokin mijina," na ce. "Na ga kana so ne."

Na mayar da tabarau jaka, na sa kwat ɗina. Ba wanda ya tsayar da ni, ba kuma wanda ya kalle ni. Da na fito iska ta daki fuskata, na ji wani daɗi ya cika mini ƙirji har na tsorata da shi. Ba zan yi ƙarya in ce na ji kunya ba. Na tafi gida na ci tuwon dankalina da kifi, na cinye tas.

Shekara ta fita, tallafi ya rufe. Fasa dutse ba tallafi kuɗin wata motar ne, Oddvar ba zai taɓa biya ba. Jan waya ta sama kuwa dokarsa ta hana, da hoton labulena. Ya tambayi masu garejin sama ko wani zai ba shi aron bango ya maƙala na'urar caji, kowa ya ce zai duba. Akwai wurin caji mai sauri a hayin gada, amma kuɗinsa ya kusa na dizal, ga kuɗin gada, Oddvar kuwa gara ya rasa ƙafa da ya biya. Saboda haka baƙar motar ta koma kwana a gaban kanti a gindin tudu, a daidai wurin da farar motar Torleif take kwana a da. Garejin mai kallon teku ya zama ma'ajiyar injin yankan ciyawa.

Reidun ce ta zo mini bayan Kirsimeti. Ba ta zauna ba, ban kuma ɗora kofi ba. Mace ce mai haƙuri, ba ta taɓa yi mini komai ba, sai dai ita ma ta ɗaga hannu a ranar da aka hana Torleif jan waya.

"Ya haura saba'in, Gunvor," ta ce. "Gwiwarsa ta hagu ba ta da kyau. Kullum in ya fita ina tsaye a taga har ya dawo."

"Na san tagar," na ce. "Tawa ta fi taki ganin gangaren."

Ta ce, "Me kike so ya yi? Ya durƙusa?"

"Ba na son komai daga gare shi."

Bayan ta tafi na daɗe a tsaye a kicin. Maganarta ta shige ni, amma ba ta inda ta nufa ba. Na tuna ranar da aka kira ni, na sauka na tarar da Torleif kwance a gefen hanya, hularsa can ƙasa, yana ba masu motar asibiti haƙuri don ya sa su hawa tudu. Na yi tunanin Oddvar a wurin, sai na ga abin zai ƙare a safiya ɗaya. A kai shi asibiti, a kawo masa furanni, mutane su fara cewa Gunvor ta wuce gona da iri, wani ya tausaya ya ba shi bango. Washegari na je kantin kayan gini na sayi buhunan yashi, na sa aka kawo mini har ƙofa.

Yanzu kullum da safe, kafin gari ya waye sosai, nakan sa takalmi mai ƙusoshi in ɗauki bokiti in bi gangaren daga sama har ƙasa. Da yamma in sake. Ba na barin ko tafin hannu. Inda ruwa ke tsallake hanya, wurin da ya kwashe Torleif, nakan zuba ninki biyu in bi da ƙafa in daddanna. Tunda aka yi unguwar nan gangaren bai taɓa samun kula irin ta bana ba, har masu kai yara makaranta suna gode mini.

Wata yamma a Janairu muka haɗu. Duhu ya riga ya yi, dusar ƙanƙara tana sauka sama-sama. Ina tsakiyar gangaren da bokitina sai ga shi yana hawowa, leda biyu na cefane a hannu, yana jan ƙafar hagu, numfashinsa yana fita kamar na tsohon doki. Rabonmu da magana tun taro. Ya tsaya ƙasa da ni kaɗan, ya ajiye ledojin, ya dubi yashin da ke ƙarƙashin takalminsa, ya dubi bokitin. Na ga fuskarsa ta yi laushi. Har yanzu mutumin nan bai daina karanta kek ba.

"Reidun ta ce ke ce ke zubawa," ya ce. "Ban yarda ba sai da na gani." Ya share hanci da bayan safar hannu. "Na gode, Gunvor. Ban cancanta ba. Wataƙila in bazara ta yi, mu zauna mu..."

"Ɗaga ƙafarka," na ce.

Ya ɗaga. Na watsa yashi a inda take, na watsa a gabansa, taku ɗaya, biyu, har inda hannuna ya kai.

"Kada ka gode mini, Oddvar. Torleif hunturu uku ya yi yana hawan nan kafin ya faɗi. Kai ko ɗaya ba ka gama ba. Ba na so ka faɗi. So nake ka daɗe."

Ya tsaya yana kallona, dusar tana taruwa a kan hularsa. Sannan ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki ledojinsa. Na matsa gefe na ba shi hanya, ya wuce ni yana hawa a hankali, yashin yana ƙara a ƙarƙashin ƙafarsa. Na bi shi da ido har ya kai sama lafiya, sannan na juya na ci gaba da zubawa zuwa ƙasa, don da safe zai sauko.